Rigar Mandela da Kogin Kaduna

A watan Disamban 2009 aka saki fim ɗin Invictus, wanda Clint Eastwood ya ba da umarni. Morgan Freeman ne ya fito a matsayin Nelson Mandela, Matt Damon kuma ya fito a matsayin François Pienaar, kyaftin ɗin Springboks, ƙungiyar zari-ruga ta Afirka ta Kudu. Tun daga lokacin masu kallonsa suka rabu gida biyu. Wasu na tashi daga gaban allo idanu sun yi rau-rau, suna cewa da Allah zai ba mu shugaba irin wannan, da tuni an wuce wurin. Wasu kuwa taɓe baki suke yi, su ce tatsuniya ce aka shirya domin Turawa su samu barci. Ga mutumin unguwar Kamazou da ke Kaduna, wanda ya san abin da ake nufi idan aka ce wane ya tattara kayansa ya koma tsallaken kogi, wannan muhawara ta gida ce. A ganina ɓangarorin biyu duk rigar da Mandela ya saka suka tsaya kallo, suka manta da abin da ya biya kafin ya saka ta, da abin da aka ci gaba da ginawa bayan ya tuɓe ta.

Labarin dai ba ƙage ba ne, an ɗauko shi daga littafin da ɗan jarida John Carlin ya wallafa a 2008. Mandela ya fito daga kurkuku a Fabrairun 1990 bayan shekara 27, aka rantsar da shi shugaban ƙasa ranar 10 ga Mayun 1994. A wancan zamani zari-ruga wasan fararen fata ne, musamman Afrikanawa, koriyar rigar Springboks kuwa tambarin mulkin wariyar launin fata ce a idon baƙaƙe, har ta kai sukan goyi bayan duk ƙasar da ta zo karawa da tasu. Ranar 24 ga Yunin 1995, a filin Ellis Park na Johannesburg, Afirka ta Kudu ta doke New Zealand da ci 15 da 12 a wasan ƙarshe na kofin duniya, bayan ƙarin lokaci. Mandela ya shiga fili sanye da wannan koriyar riga mai lamba 6, lambar Pienaar, ya miƙa masa kofi, 'yan kallo da akasarinsu farare ne suna ta kiran sunansa.

Abin da masu hawaye ke mantawa shi ne rigar ta yi tasiri ne saboda tsadarta. Mutanen Mandela ne suka so a soke suna da tambarin Springboks, kuma suna da hujja da rinjaye. Shi ya tsaya ya ce a bar su, ya sa ƙaunar da magoya bayansa ke yi masa a kan sikeli domin ya kwantar da hankalin waɗanda suka ɗaure shi. Wannan ne bambancinsa da ɗan siyasar da ke zuwa buɗe gasar ƙwallo ta zaman lafiya, ya buga ƙwallon farko, a ɗauki hoto, ya shige mota. Ba a gane shugaban sulhu sai ranar da ya faɗa wa nasa abin da ba sa son ji. Duk mai fatan Allah ya kawo mana Mandela, ya fara tambayar kansa: ranar da malaminsa ko fastonsa ko ɗan majalisarsa ya ce a yi wa ɗaya ɓangaren adalci, tafi zai yi masa ko kuwa zai ce an saye shi?

Masu taɓe baki su ma suna da abin faɗa. A tawagar 1995 ɗan wasa ɗaya ne ba farar fata ba, wato Chester Williams. A 1998 shugabannin hukumar zari-ruga ƙarƙashin Louis Luyt sun ja Mandela har gaban kotu saboda ya kafa kwamitin binciken harkokinsu. Sai a 2018 Springboks ta samu baƙar fata na farko a kujerar kyaftin, Siya Kolisi, wanda ya ɗaga kofin duniya a 2019 da 2023. A 2012 'yan sanda sun harbe ma'aikatan ma'adinai 34 a Marikana, kuma 'yan Najeriya ba su manta hare-haren ƙin jinin baƙi na 2008 da 2015 da 2019 ba. Duk wannan gaskiya ne, sai dai bai mayar da ranar Ellis Park ƙarya ba. Abin da yake nunawa shi ne fim ɗin ya tsaya a inda aiki ya fara. Wata guda bayan wasan aka sa hannu a dokar kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu, wadda Desmond Tutu ya jagoranta. Ta karɓi bayanan mutane fiye da 21,000, ta duba takardun neman afuwa sama da 7,000, ta amince da 849 kacal. Can ne aka buɗe gyambon aka wanke shi, kuma ba abu ne mai daɗin kallo ba.

Ba sai mun je aro ba, Kaduna ta taɓa ganin irin wannan rana. Ranar 3 ga Agustan 1996 Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 ta ɗauki zinaren ƙwallon ƙafa a gasar Olamfik ta Atlanta. Biyu daga cikin ƙwallaye ukun 'ya'yan Kaduna ne suka ci, Celestine Babayaro da Daniel Amokachi, a tawagar da ta haɗa da Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ma 'yan Kaduna. A daren nan babu wanda ya tambayi addinin ƙafar da ta buga ƙwallo. Ba a cika shekara huɗu ba, a Fabrairu da Mayun 2000, rikicin shari'a ya ci rayuka fiye da dubu a birnin. Na gasar sarauniyar kyau ya biyo baya a Nuwamban 2002, sai na bayan zaɓe a Afrilun 2011. Kowane ya bar tabo a taswirar gari: Musulmi suka yi ta ƙaura zuwa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka nufi Sabon Tasha da Narayi da Television, sababbin unguwanni irin su Kamazou suka bunƙasa a kudancin kogi. Murnar Atlanta ta gaskiya ce, amma ba ta tarar da wani abin da zai riƙe ta ba.

Wani zai ce to ashe wasa ba shi da amfani ke nan. Wannan ma wuce gona da iri ne. Wasa kamar wuƙa yake, ya danganta da hannun da ya riƙe shi. Janar Sani Abacha ya hana Super Eagles zuwa kare kofin Afirka a Afirka ta Kudu a 1996, bayan takun-saƙar da ta biyo rataye Ken Saro-Wiwa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon kuwa, bayan yaƙin basasa, ta ƙirƙiro gasar wasanni ta ƙasa a 1973 domin haɗa kan matasa, Kaduna ta karɓi baƙuncinta a 1977 da 2009. Victor Moses, wanda aka kashe iyayensa a rikicin Kaduna yana ɗan shekara 11, ya girma a Ingila amma ya zaɓi rigar Najeriya, yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin Afirka a Johannesburg a 2013. Filin ƙwallo na cikin 'yan wuraren da yaron Rigasa da yaron Kamazou za su haɗu a ƙarƙashin doka ɗaya da alƙali ɗaya. Matsalar ita ce idan kowa a unguwarsa yake atisaye, a gidan kallon unguwarsa yake kallo, to sun goyi bayan ƙungiya ɗaya ba tare da sun taɓa gaisawa ba.

Batun cewa ba mu da Mandela kuwa, akwai son jiki a cikinsa. A 1995, shekarar Ellis Park, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye suka fara aikin sulhu tare a Kaduna. A wani rikici da aka yi a 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, kuma kowannensu ya sha zargi daga nasa kafin a yarda da shi. Da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addinai suka sa wa hannu a Agustan 2002. Wata uku bayanta gari ya sake kamawa da wuta, abin da ya nuna sa hannu kaɗai ba ya isa. Matakan da suka fi daɗewa ana cin moriyarsu su ne na tsari, irin masarautun da gwamnatin Ahmed Makarfi ta ƙirƙira wa al'ummomin kudancin jihar, da tsarin kotunan shari'a da na gargajiya da ta shimfiɗa a 2001. Inda aka gaza shi ne hukunci. An sha kafa kwamitocin bincike, amma waɗanda aka hukunta kan kashe-kashen ba su taka kara sun karya ba, kuma ba a taɓa yin zaman da mai laifi zai furta laifinsa a gaban wanda ya zalunta ba.

Saboda haka mai kallon Invictus a Kamazou, ko a hayin Malali, ya yi kukansa idan ya zo masa, babu laifi. Amma idan ya share hawaye, ya dubi titin Yakowa da ya ratsa Kamazou ya haye kogi, ya tambayi kansa yaushe rabon da ya bi shi domin zumunci. Hukumar zaman lafiya ta jihar, wadda aka kafa a 2017, da hukumar ƙwallon ƙafa, su haɗa gasar da kowace ƙungiya za ta ƙunshi yaran tsallake biyu, a riƙa bugawa nan da can. Gwamnati kuma ta fito da rahotannin binciken da ke ajiye, ta yi aiki da su. Jama'ar Kaduna, mu daina jiran mai koriyar riga, mu fara da mara wa duk wanda ya faɗa mana gaskiya baya, ko da daga cikinmu ya fito.