Abin da aka ƙulla a Sashen Tarihi na Samaru

Ranar 4 ga Oktoba, 1962 aka buɗe jami'ar da ke Samaru, Zariya. Turawa sun naɗe tabarmarsu, Jihar Arewa kuwa ba ta da isassun likitoci, injiniyoyi da alƙalai na kanta. Ma'aikata Sardauna Ahmadu Bello yake nema, kuma ya samu. Amma a ganina, babban abin da jami'ar ta yi wa Najeriya a Sashen Tarihi aka ƙulla shi.

Can Abdullahi Smith ya zauna, Baturen Ingila da ya musulunta. Shi ya dage a riƙa bin zaurukan malamai ana neman rubuce-rubucen Larabci da ajami, irin waɗanda ake ɗaurewa da tsirkiya a cusa cikin gafaka, don a ji tarihin ƙasar daga bakin masu ita maimakon rahoton Razdan. A 1970 ya fito ya ce labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu bai isa ya bayyana kafuwar daulolin Hausa ba. Ya ce a duba noma da ƙira da kasuwa, a ga yadda ƙauye ya zama gari, gari ya zama birni mai ganuwa. A shekarar ce kuma aka kafa Gidan Arewa a Kaduna, a gidan da Sardauna ya zauna.

Ɗalibin Smith, Yusufu Bala Usman, jinin sarautar Katsina da ya koma ɓangaren talakawa, ya ɗora daga nan. Bincikensa ya nuna Katsinawa ba jikokin kaka ɗaya ba ne. Wangarawa, Barebari, Azbinawa da Fulani duk zama da sana'a suka mai da su 'yan gari. Da wannan hujja ya yi ta ja da masu cewa Najeriya haɗin gambiza ce da Lugga ya yi a 1914, domin tun kafin Lugga fatake sun haɗa Kano da Bida da Ilori. 

Smith ya rasu a 1984, Bala a 2005. Takardun da aka tara suna nan a Zariya da Kaduna. Mai gardamar asalin wani, don Allah ya fara zuwa ya buɗe su.