Tsara Wasan Tsalle da Tubalan Scratch a Ajin Firamare: Abin da Muka Gwada a Katsina

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana yadda malami zai jagoranci yara su tsara wasan tsalle na kwamfuta da hannunsu, mu kuma nuna irin ilimin lissafi da ke ƙunshe cikin wannan ɗan aiki. Tun shekarar 1988 Nijeriya ta fitar da manufarta kan koyar da kwamfuta a makarantu, amma sau da yawa idan muka fita duba ɗalibanmu masu koyon aikin malanta, abin da muke tararwa shi ne yara suna zana hoton kwamfuta a littafi, suna haddace sunayen sassanta. Ko a wata makaranta mai zaman kanta da ke unguwar G.R.A. ta Katsina, inda akwai ɗakin kwamfuta da janareto, darasin bai wuce buga suna da fenti ba. Wato dai an sayi doki, an ɗaure shi a turke. A wannan makaranta ne muka gwada abin da za mu kawo a ƙasa.

2.0 Asalin Harshen Tubali

Kafin mu shiga batun gadan-gadan, ya kamata mu san inda abin ya samo tushe. A 1967 Seymour Papert, haifaffen Afirka ta Kudu, da abokan aikinsa suka ƙirƙiro harshen Logo domin yara. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fi fahimtar abu idan shi da kansa ya gina shi. A kan wannan ra'ayi ne Mitchel Resnick da jama'arsa na cibiyar M.I.T. ta Amurka suka fitar da Scratch a 2007, sabon fasalinsa na uku kuma ya fito a 2019. An yi shi ne musamman domin 'yan shekara 8 zuwa 16, kyauta ne, ana kuma iya ɗora shi a kwamfuta a yi aiki ba tare da intanet ba.

A maimakon rubuta umarni da haruffa, yaro yana jawo tubala masu launi ne ya jera su kamar mai ginin ƙasa. Kowane tubali yana da siffarsa, wanda bai dace da wani gurbi ba kuwa ba zai shiga ba. Ta haka an ɗauke wa yaro wahalar kuskuren rubutu, an bar shi da ainihin aikin, wato tunani.

Shi kuma wasan tsalle daga dakali zuwa dakali ya shahara ne da wasannin kamfanin Nintendo na Jafan, wato Donkey Kong na 1981 da Super Mario Bros. na 1985. Amma ɗan Hausa ba baƙon tsalle mai ƙa'ida ba ne. Wanda ya yi langa, ko wadda ta yi 'yar gala-gala, ta san akwai inda ake dira, akwai inda in an taka an faɗi. Daga nan muka fara.

3.0 Dandali da Ɗan Wasa

Dandalin Scratch yana da faɗin taku 480 da tsawon taku 360. Tsakiyarsa ita ce sifiri. Layin kwance, wato x, ya tashi daga -240 a hagu zuwa 240 a dama, na tsaye kuma, wato y, daga -180 a ƙasa zuwa 180 a sama. Abubuwa biyu ake fara zanawa, ɗan wasa da kuma dakalan da zai riƙa dira a kansu. Mun bar yara su zaɓi labarinsu, sai wasu suka zana yaro yana tsallake kududdufai domin ya isa Hasumiyar Gobarau.

Tafiya hagu da dama ba ta da wuya. Ana buɗe tubalin maimaici, wanda ke zagayawa kimanin sau 30 a daƙiƙa ɗaya, a sa sharuɗɗa biyu a cikinsa: in an danna kibiyar dama a ƙara 5 a kan x, in an danna ta hagu a rage 5. A nan yaro yake fara ganin amfanin lambar da ke ƙasa da sifiri, abin da yakan rikita shi a darasin lissafi.

4.0 Tsalle da Faɗuwa

Nan ne zuciyar aikin. Da aka ce yara su sa ɗan wasa ya yi tsalle, yawancinsu sai suka ƙara 60 a kan y, suka jira kaɗan, suka rage 60. Ɗan wasa ya ɓace nan ya ɓullo can kamar aljani. Su da kansu suka ce ba haka mutum yake tsalle ba. Sai muka jefa ƙwallo sama muka ce su lura. Suka ga yana tashi da sauri, yana rage gudu, ya tsaya cak, sannan ya dawo yana ƙara gudu. Ashe abin da ke sauyawa a kowane lokaci shi ne saurin, wurin kuma yana bin saurin ne. Wannan ita ce ƙa'idar faɗuwar abubuwa da Galileo ya bayyana a littafinsa na 1638.

Saboda haka ana buƙatar ma'ajiya, wato wani akwati mai suna da ke riƙe lamba, mu kira ta saurin sama. A kowane zagaye ana bin matakai huɗu bi da bi:

(a) a rage 1 daga saurin sama, wannan shi ne jan da ƙasa ke yi;
(b) a matsar da ɗan wasa a kan y gwargwadon abin da ke cikin ma'ajiyar;
(c) in ya taɓa dakali, a fitar da shi, a mayar da saurin sifiri;
(d) in a kan dakali yake, aka kuma danna maɓallin tsalle, a mayar da saurin 12.

Bari mu bi lissafin. Bayan an sa 12, zagaye na gaba zai rage 1, ɗan wasa ya tashi taku 11, sai 10, sai 9, har zuwa 1. Jimlarsu 66 ke nan, kuma ita ce ƙololuwar tsallensa. A zagaye na 12 yana tsaye a sama, sannan ya sauko cikin zagaye 11. Duka zagaye 23 ne, wato kusan kashi huɗu cikin biyar na daƙiƙa. Tun da yana cin taku 5 a kwance a kowane zagaye, nisan tsallensa kimanin taku 115 ne. Ke nan dakalin da ya ɗara 66 a tsawo ba zai hawu ba, ramin da ya zarce 115 da yawa kuma ba zai tsallaku ba. Da muka tambayi abin da zai faru in an mayar da 12 ta koma 15, yara suka zaci ƙarin kaɗan ne. Suka haɗa 14 zuwa 1, suka sami 105. Daga ranar suka daina cewa jera lambobi a tara su aikin banza ne.

5.0 Kurakuran da Aka Fi Yi

Na farko, idan aka sa sharaɗin tsalle a wajen sharaɗin taɓa dakali, ɗan wasa zai yi ta tashi kamar shirwa muddin ana danne da maɓalli. Kada malami ya yi hanzarin gyarawa. Ya tambayi yaro ko mutum yana iya tsalle alhali ƙafarsa ba ta ƙasa.

Na biyu, ɗan wasa yakan nutse cikin dakali domin takunsa na ƙarshe ya zarce. Maganinsa shi ne a yi ta ɗaga shi da taku 1 har ya daina taɓawa. Sai dai za a gan shi yana tasowa a hankali, in ba an zuba wannan umarni a cikin tubalin da mutum ke ƙera wa kansa ba, aka kuma zaɓi ya yi aiki ba tare da sabunta hoton dandali ba.

Na uku, in ya bugi dakali da ka daga ƙasa, wannan gyara zai haye da shi sama. Dole a duba ma'ajiyar: in saurin ya fi sifiri tashi yake yi, sai a tura shi ƙasa.

Na huɗu, mai faɗowa daga saman dandali zuwa ƙasansa saurinsa yakan kai kimanin taku 26 a zagaye ɗaya. Idan tsawonsa da kaurin dakalin a haɗe ba su kai haka ba, yana iya ratsawa ba tare da kwamfuta ta ga sun taɓu ba. Sai a kaurara dakalin, ko a hana saurin faɗuwa wuce 15.

6.0 Kammalawa

Za a iya cewa wannan aiki na 'ya'yan G.R.A. ne kawai, ina ruwan makarantar da ba ta da wuta? Amsarmu ita ce rabin darasin ba ya buƙatar na'ura. Ranar da janareto ya ƙi tashi, mun shata dandali a ƙasa, yaro ɗaya ya zama ɗan wasa, ɗaya ya riƙe allo yana rubuta saurin sama, saura suna faɗin matakan huɗu da Hausa. Da aka koma kan kwamfuta washegari, su ne suka fi saurin gano kurakuransu. Ana iya yin haka a Ƙofar Marusa ko a Rimi, a kuma raba kwamfuta ɗaya ga yara uku ko huɗu inda aka samu.

Shawararmu ga kwalejojin ilimi ita ce kowane ɗalibi mai nazarin kwamfuta ko lissafi ya tsara irin wannan wasa kafin ya fita koyon aikin malanta, domin ba zai koyar da abin da bai taɓa yi ba. Haka kuma kalmomin da muka yi amfani da su, irin su tubali da ma'ajiya da maimaici da dakali, mun ajiye su gaban malaman harshe da ke wannan taro domin su tace su, a sami matsaya ɗaya.