Ɗakin tsoho haƙƙi ne a wuyan gari

A ƙasar Madarumfa, tsoho yana ƙare kwanakinsa cikin gidansa, tsakanin ƴaƴa da jikoki. Haka muka gada, kuma ba mai son a kwashe dattawa a tara su wuri guda kamar yadda ake yi a Faransa. Amma ya kamata mu duba irin ɗakin da tsohon yake kwana a ciki.

Galibi ɗakin ƙasa ne, mai bukatar yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka. A da, samarin gida ke wannan aiki. Yau da yawa sun tafi cin rani Maraɗi, ko Katsina, ko Kano, wasu har Libiya. Waɗansu iyalai kuma ƴan bindiga sun tashe su daga ƙauyukan bakin iyaka. A daminar 2024 ambaliya ta halaka mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan 1, kuma jahar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Da yawa rushewar ɗaki ce ajalinsu. In bango ya tsage da tsakar dare, tsoho ba ya iya gudu.

Kuɗin gyara kuwa babu. Fansho na tsofaffin ma'aikata ne. Manomi da masuncin tafkin Madarumfa ba su da shi. Banki kuma mai albashi ko mai jingina yake ba rance.

A nan ne ƙananan hukumomi ke da aiki. Gundumar Madarumfa tana da shida: Madarumfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma. An zaɓi majalisunsu na farko a watan Yuli na 2004. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa wakilan gwamnati. Ko wa ke riƙe da ita, ƙaramar hukuma ce ta fi kusa da talaka. Sai dai aljihunta ba zurfi, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Don haka a raba nauyin kashi uku.

Na farko, ƙaramar hukuma, tare da hakimai da masu unguwa, ta rubuta sunayen tsofaffin da ba su da mai yi musu yaɓe, ta ware musu kaso daga harajin kasuwa. Wanda ɗakinsa ke kan hanyar ruwan Gulbin Maraɗi, a ba shi fili bisa tudu, kusa da danginsa.

Na biyu, gwamnati da masu ba da agaji su ƙara bisa abin da aka ware. Hanya tana nan: tun 2008 aka kafa ANFICT, hukumar tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi. Shirin tallafin iyalai da aka soma a 2011 tare da Bankin Duniya, wanda ya riƙa ba magidanta jika 10 kowane wata har wata 24, ya nuna cewa kuɗi na iya isa ƙauye.

Na uku, mutanen gari su yi gayya, su buga tubali, attajirai su sa zakka da sadaka. Akwai kuma dabarar gini marar itace, mai rufin tubali zalla, wadda aka soma a Nijar tun 1980. Tana rage kuɗin azara, tana kuma sassauta wa dajin Baban Rafi.

Sharaɗi biyu ne za su tsare aikin. A karanta sunayen a bainar jama'a, don kada son kai ya shiga. A kuma rubuta cewa ba mai fitar da tsoho daga ɗakin muddin yana raye.

Ran 1 ga Oktoba ake bikin ranar tsofaffi ta duniya. Zai yi kyau ran nan kowace ƙaramar hukuma ta faɗa wa jama'a yawan ɗakunan da ta gyara. Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi, amin.