ADON TUFAFIN JARIRAI DA HATIMI DA TAWADA: YADDA ZA A YI SHI BA TARE DA CUTAR DA YARO BA

Duk uwar da ta haihu tana son a ga ɗanta cikin sutura mai kyau ran suna. Saboda haka mata da yawa a Suleja da sauran garuruwanmu sukan sayi farar riga mai araha, su buga mata fure ko tauraro ko sunan yaro da hatimin roba da tawadar tufafi. Sana'a ce mai sauƙin jari, ana kuma iya yin ta a cikin gida. Amma akwai abubuwan da ya wajaba a kiyaye, domin fatar jariri ta fi ta babba taushi, kuma duk abin da ya kai bakinsa sai ya tsotsa.

Asalin sana'ar

Buga zane a jikin kaya tsohon abu ne a Afirka ta Yamma. A Ntonso, kusa da Kumasi a ƙasar Gana, masu yin zanen Adinkira suna sassaƙa hatimi daga ɓallen ƙwarya, su tsoma shi a rinin ɓawon itace, su danna a kan yadi. A Suleja kuwa, garin da ake kira Abuja kafin a ba sabon babban birnin tarayya sunan bayan 1976, an san ado a jikin tukwane. A nan ne Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane ta Michael Cardew a 1954, ta yi suna da zanen ƙadangare da kifi da tsuntsu, har aka sa hotonta a takardar Naira 20. Mai neman zanen da za ta sassaƙa a hatiminta, to, ga shi nan a gida.

Haɗarin tawada mara kyau

Ba kowace tawada ce ta dace da tufafin yaro ba. A 1886 wani likita a Ingila mai suna Rayner ya ba da rahoton jarirai da jikinsu ya koma shuɗi. Da aka bincika sai aka tarar tawadar da aka yi wa ƙyallayensu lamba da ita ce sanadi, don tana ɗauke da sinadarin anilin. Wannan sinadari yana ratsa fata ya shiga jini, ya hana shi ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita.

Haka kuma wasu fentin mai, irin na bango da ƙofa, suna ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Mun ga ɓarnar dalma a Zamfara a 2010, da kuma Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja a 2015, inda yara suka mutu. A waɗannan wurare haƙar zinariya ce ta jawo, amma gubar ɗaya ce ko ta ina ta shiga jiki.

Don haka kada a yi amfani da tawadar hatimin ofis, ko fentin gida, ko baƙin rinin gashi. A nemi tawadar da aka yi musamman domin tufafi, wadda ake wanke ta daga hannu da ruwa kafin ta bushe, a kuma karanta bayanin da ke jikin kwalbar. Tawadar da aka ɗura a kwalba ba suna, ba bayani, a bar ta ga mai ita komai arharta.

Yadda ake aikin

1. A zaɓi yadin auduga. A wanke rigar tukuna domin sitacin masaƙa ya fita, in ba haka ba tawadar ba za ta kama zare ba.

2. A goge ta, a shimfiɗa a kan tebur, a sa kwali a cikinta don kada tawada ta ratsa zuwa baya.

3. A shafa tawada kaɗan a fuskar hatimin da ɗan soso. In ta yi yawa zanen zai cuɗe.

4. A gwada a kan tsumma tukuna. Sa'an nan a danna hatimin daidai, kada a murza, a ɗaga shi tsaye.

5. A bar rigar ta bushe kwana ɗaya a inda iska ke shiga, nesa da ɗakin mai jego.

6. A ɗora ƙyalle a kan zanen, a goge da dutsen guga mai zafi kamar minti 3 zuwa 5, ko yadda kwalbar ta faɗa. Zafin nan shi ne ke ɗaure tawada da zare.

7. A sake wanke rigar, a ɗauraye da kyau. In ruwan ya fita da launi, kada a sa wa yaro.

Inda ba a buga zane

A guji wuyan riga da bakin hannu, watau wuraren da jariri ke tsotsa, da ƙyallen da ake ɗaura masa a gindi, inda jiƙa ke sa sinadari ya ratsa fata da sauri. Kada a ƙara duwatsun ado ko ƙyalƙyali, don suna iya ɓallewa su shaƙe shi.

Idan aka ga ƙuraje ko ja a inda zanen ya taɓa, a cire rigar, a wanke wurin da ruwa da sabulu. Idan kuwa leɓɓansa ko farcensa suka yi shuɗi, ko numfashinsa ya sauya, a tafi da shi asibiti nan take, a riƙa rigar da kwalbar tawadar domin likita ya gani.

Masu sayarwa kuma su tuna amana ce a hannunsu. Uwar da ta sayi riga ba ta san abin da aka buga da shi ba, ta dogara ne da gaskiyar mai sana'a. Rigakafi ya fi magani.