Kafin ka sayi sabuwar sensa, tambayi makanike: wacce?

Daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauko wa Tamale da ƙurarsa, koke iri ɗaya nake ji daga direbobinmu na Gurugu: mota ba ƙarfi, ko ta riƙa shan mai tana baƙin hayaƙi. A gareji kuwa amsar ba ta wuce, "Sensa ce, Alhaji, sai an canja." To amma sensar iska iri biyu ce, kuma kowacce da aikinta.

Injin fetur na son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. Kwamfutar mota ba ta ganin iskar, abin da sensa ta gaya mata shi take bi.

Ta farko, MAF, tana tsakanin filtar iska da totur. A cikinta akwai siririyar waya da lantarki ke zafafawa. Iska na wucewa tana sanyaya ta, da haka ake sanin giram nawa ke shiga a daƙiƙa. Maƙiyinta ƙura. Idan datti ya lulluɓe wayar, yawanci sai ta rage lissafi, mai ya yi kaɗan, ka taka totur mota ta tsaya tana tunani.

Ta biyu, MAP, tana kan manifol, bayan totur, matsin iska take aunawa. Inji a kashe, kusan kilofaskal 100 za ta nuna, a sulo kuma wajen 30. Kwamfuta ta haɗa wannan da gudun inji da zafin iska, ta ƙiyasta sauran. Maƙiyinta yoyo. Tiyonta ya tsage, sai ta ɗauka an taka totur, a yi ta zuba mai. Ga baƙin hayaƙin nan.

Yawancin Toyota Corolla da muke hawa MAF gare su, tsofaffin Honda Civic kuwa MAP. Masu turbo sukan haɗa duka biyun.

Shawarata ita ce, a fara sa na'urar bincike. Duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 tana da kafar OBD-II, kuma irinsu da yawa ke shigo mana ta tashar Tema. Lambar P0101 maganar MAF take, P0106 kuma MAP. Daga nan a duba filta da tiyo. MAF a wanke ta da feshinta na musamman, ban da fetur, ban da taɓa wayar.

Sau da yawa sensar lafiyarta ƙalau, kuɗin cefane ne kawai zai tafi a banza. Matambayi dai ba ya ɓata.