Kofin Nkrumah: Yadda Gasar Zakarun Afirka Ta Faro

Daren Talata da Laraba, idan ana gasar Zakarun Turai, da wuya mutum ya samu benci a gidajen kallo na Kado a Abuja. Mai sayar da kifi, ɗan acaɓa, ma'aikacin da ya taso daga ofis, kowa da kulob ɗinsa, kuma akasarinsu za su lissafa maka kofunan Real Madrid ba gargada. Amma tambayi wanda ya fara ɗaukar kofin zakarun Afirka, sai a hau kallon juna.

Amsar ita ce Oryx ta Douala, daga Kamaru, ranar 7 ga Fabrairun 1965 a birnin Accra, inda ta doke Stade Malien ta Bamako da ci 2 da 1.

Turawa sun riga mu da shekara tara. A 1955 jaridar wasanni ta Faransa, L'Équipe, da editanta Gabriel Hanot suka matsa sai an haɗa zakarun ƙasashe a gasa ɗaya, Real Madrid kuwa ta kwashe kofuna biyar na farko a jere. Kudancin Amurka ta bi sahu a 1960. Tamu ta zo ne a 1964, kuma ba 'yan jarida ne suka haife ta ba, 'yan siyasa ne. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, da aka kafa a Khartoum a 1957 ba ta da kuɗin a zo a gani. Wanda ya ɗauki abin da zafi shi ne shugaban Ghana, Kwame Nkrumah, mutumin da ke ganin ƙwallo hanya ce ta haɗa kan ƙasashen da suka fito daga hannun Turawan mulkin mallaka. Sunansa aka sa wa kofin, a ƙasarsa kuma aka buga wasannin ƙarshe.

Ba a nan ya tsaya ba. Daraktansa na wasanni, Ohene Djan, ya kafa kulob mai suna Real Republicans, ya riƙa zaƙulo gwanayen 'yan wasa daga sauran kulob-kulob na Ghana yana tarawa a ciki. Kowa ya san don wa aka yi shimfiɗar. Sai dai ƙwallo ba ta san fada ba: Oryx ta yi waje da 'yan gidan a wasan kusa da na ƙarshe. Shekara guda bayan haka, a Fabrairun 1966, sojoji suka kifar da Nkrumah, kulob ɗin ma ya bi shi.

A 1966 aka koma tsarin gida da waje har zuwa wasan ƙarshe. Real Bamako, wadda matashi Salif Keita ke jagorantar gabanta, ta ci Stade d'Abidjan 3 da 1 a Mali, ta je Abidjan aka rama mata 4 da 1 bayan ƙarin lokaci. Sau biyu ke nan a jere Bamako na ganin kofi da ido yana wucewa.

Wanda ya saba da gasar yanzu ba zai gane wahalar wancan zamani ba. Jiragen sama na lokacin an tsara su ne don haɗa kowace ƙasa da uwargijiyarta ta Turai, saboda haka zuwa maƙwabta kan fi zuwa Paris ko Landan wuya. Kulob kan janye don ba kuɗin tikiti. Babu bugun fenareti na raba gardama, wani lokaci ƙuri'a ake jefawa. Dubi abin da ya faru a 1967: Asante Kotoko ta Kumasi da TP Englebert ta Lubumbashi suka tashi 1 da 1, suka sake tashi 2 da 2. CAF ta ce a buga wasa na uku, Kotoko ba ta halarta ba, aka miƙa wa Englebert kofi ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Sunan Englebert ɗin ma na kamfanin tayar mota ne da ke ɗaukar nauyin kulob ɗin. Ita ce ake kira TP Mazembe a yau. Ta sake ɗauka a 1968, ta kai wasan ƙarshe sau huɗu a jere. Ismaily ta Masar ta tare ta a 1969, sannan Kotoko ta huce haushinta a gasar 1970, ta bi ta har Kinshasa ta ci 2 da 1.

A ganina abin da ya fi cancantar a tuna shi ne wannan: daga 1964 zuwa 1980, sau biyu kacal kofin ya tsallaka Sahara zuwa arewa, Ismaily a 1969 da MC Alger a 1976. Sauran duk Yammaci da Tsakiyar Afirka ne suka cinye. Canon Yaoundé ta ɗauka a 1971, 1978 da 1980. Hafia ta Conakry, 'yar lelen shugaban Guinea Sékou Touré, ta ɗauka a 1972, 1975 da 1977, aka bar mata kofin Nkrumah ɗin dungurungum, sabon da aka kawo kuma aka raɗa masa sunan Sékou Touré. Mamayar da Al Ahly ta Masar da kulob-kulob na Maroko da Tunisiya ke yi yanzu, daga baya ta zo, lokacin da 'yan wasan kudancin Sahara suka fara kwarara Turai, su kuwa na arewa suka iya riƙe nasu da albashi.

Najeriya fa? Ta sha jira. Rangers ta Enugu, wadda aka kafa a 1970 da ƙarewar yaƙin basasa, ta kai wasan ƙarshe a 1975, Hafia ta doke ta a Conakry ta kuma maimaita a Legas. Raccah Rovers ta Kano, zakarar ƙasa ta 1978, ta wakilce mu a shekarar da ta biyo. Shooting Stars ta faɗi a hannun Zamalek ta Masar a 1984 da 1996, Iwuanyanwu Nationale ta faɗi a hannun Sétif ta Aljeriya a 1988. Sai a 2003, shekara shida bayan an sauya wa gasar suna an shigo da wasannin rukuni, Enyimba ta Aba ta karya ƙofar. Ta kare kambunta a Disambar 2004 a nan Abuja, a babban filin wasa na ƙasa, inda aka cire Vincent Enyeama aka sa Dele Aiyenugba a raga musamman don bugun fenareti, ta doke Étoile du Sahel ta Tunisiya.

Arewacin Najeriya ya fi kusantar kofin a 2009, shekarar da Kano Pillars ta fitar da Al Ahly mai riƙe da kambu, bayan 1 da 1 a gida da 2 da 2 a Alƙahira. Heartland ta Owerri, wato tsohuwar Iwuanyanwu, ita ta tsayar da Pillars a wasan kusa da na ƙarshe, ita ma ta je Lubumbashi ta bar wa Mazembe kofin da ta yi shekara 41 tana nema.