Ɗan Mataimakin Da Ke Gyara Lambar Wayarka

Ka taɓa rubuta lambarka a wata manhaja da 0803, abokinka ya fara tasa da +234, amma saƙon lambar sirri ya iso muku duka? Ba sa'a ba ce. A can cikin sabar manhajar akwai wani guntun umarni da mu masu gina manhaja ke kira mataimaki. Aikinsa ɗaya ne: ya share tazara, ya cire sifirin farko, ya liƙa +234 a gaba.

Da farko raina shi na yi. A manhajar da na fara gina wa wani mai shago, sai na riƙa rubuta gyaran nan daban-daban: wajen rajista, wajen shiga, wajen rubuta bashi. Na manta da wuri ɗaya. Mutum guda ya koma kwastoma biyu, bashinsa ya rabu gida biyu, mai shago ya hana ni barci da kira.

Yanzu fayil ɗaya nake tara su, har da mai mayar da naira kwabo kafin lissafi. Da wani kwastoma daga Maraɗi ya zo da lambar +227 mai alƙaluma takwas, layi biyu kawai na ƙara, a wuri guda.